Sojojin Cikin Jinin Maigida

Innarmu ba ta tsoron maciji, ba ta tsoron kare, ba ta tsoron bakin maƙwabta, wanda ya fi su duka dafi. Abu ɗaya ne idan ta hango shi take sauya hanya, shi ne kaki. Ko ɗan bautar ƙasa ne ya biyo ta ƙofar gidanmu yana neman inda ake sayar da ƙosai, sai ta ja mayafi ta shige ciki. Hedimastan makarantar da na fara koyarwa yana da wata rigar kaki mai manyan aljihu da yake ji da ita. Ranar da ya je gaishe ta, daga bayan zana ta amsa masa, kuma ruwan da aka kai masa ba ita ta ce a kai ba.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai ce ƙauyanci ne. Ina ƙarama aka yi dam ɗin Bakolori. Fadamar su Inna, da garin da aka haife ta, da kaburburan iyayenta, duk suna ƙarƙashin ruwan nan da mutane ke zuwa kallo yanzu. Aka kwashe mu aka zube a wani tudu ta wajen Maradun, ƙasar da ko gyaɗa sai ta yi shawara kafin ta fito. Da maganar gonaki ta yi tsami, manoma suka fita suka tare hanya, aka turo musu masu kaki a manyan motoci. Ƙanin Inna, wanda ta goya da bayanta, yana cikin waɗanda suka fita da safe. Bai dawo ba, ba a kuma kawo mana shi mun yi masa sutura ba. Masu ilimi sun sha gaya mata cewa waɗanda suka zo ran nan ba ma sojoji ba ne, wasu masu ɗamara ne daban. Inna ba ta da lokacin wannan bambancin. A wurinta duk mai kaki da bindiga soja ne.

Tun daga lokacin ta hana wa bakinta kifin dam. Ba ta hana kowa ba, mu kam muna ci har mu suɗe ƙaya a gabanta. Ita dai abin da take cewa shi ne, "Kihin da yac ci gonata yaƙ ƙoshi, ba ni cin shi."

Shekaru suka ja. Na yi karatu, na yi aure, na samu koyarwa a Talata Mafara. Yayana kuwa ya zama makanikin injin ban-ruwa, yana bin bakin kanal daga Mafara har Bakura da jakar sifana a bayan babur. Ya yi doguwar jinya ya rasu, matarsa ta bi shi kafin wata damina ta zagayo. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska, wasu suka yi shiru. Suka bar ɗa namiji guda da bai isa shiga firamare ba, ya koma hannun Inna.

Kamar kowace kaka da jikanta, Inna ta mayar da shi miji. Maigida take kiransa, har sunan ya bi shi, mu duka muka ɗauka. Shi ma ya riƙe muƙamin da hannu biyu. Idan fura ta zo ba sukari sai ya sake ta, idan ta fito da ƙuli-ƙuli daga ƙullin zane sai ya mayar da ita ba tare da an kira liman ba. Ban taɓa ganin aure mai yawan saki da daɗewa irin nasu ba.

Sai dai Maigida ba shi da lafiya. Yau kunne yana ruwa, gobe tari, jibi zawo. Wani farin abu ya fito masa a harshe ya ƙi tafiya, kaluluwa a wuya kamar an jera gurjiya. Inna ta dafa sabara, ta jiƙa saiwoyi, ta karɓo rubutu, yaro dai wuyansa ƙara tsawo yake yi.

A gidan hayar da nake zaune a Mafara akwai wata ma'aikaciyar jinya, Kirista, 'yar kudancin Kaduna, kowa Sista yake ce mata. A bariki ta tashi, don mahaifinta soja ne, kuma Hausarta ta bariki ce, wadda ba ta san mace ba ta san namiji ba. Kowa "kai" ne a bakinta. Ranar da ta fara gaishe da Inna ta ce, "Mama, ka zo lafiya?" Inna ta juyo ta dube ni ta ce, "Wagga ɗiya ta maishe ni namiji, ko gemu nit tsiro ban shina ba?" Daga nan jininsu ya haɗu. Maganar aikin mahaifinta kuwa ban ga dalilin da zan kawo ta ba.

Sista ce ta ga Maigida wata Talata da suka zo cin kasuwa. Ta taɓa wuyansa, ta buɗe bakinsa, ta tambaye ni irin jinyar da iyayensa suka yi. Sannan ta ja ni gefe ta ce a yi masa gwajin jini. Aka yi, aka ce yana ɗauke da ƙwayar cutar nan mai karya garkuwar jiki, da ita aka haife shi. Na zagaya bayan ɗakin gwaji na yi kukan da ban yi ba ranar da yayana ya rasu, don a ranar ne na san abin da ya kashe shi.

Inna ta fi ni ƙarfin zuciya. Da na gaya mata, ta yi salati, ta ce cuta ba mutuwa ba ce, ta tambaya ko akwai magani. Na ce akwai, an fara bayarwa, amma shan sa ba ranar dainawa. Ta ce ai tuwo ma ba a daina shi. Muka yi shawara duk wanda ya tambaya a ƙauye a ce ciwon ƙirji ne.

Ranar da za a fara ba shi maganin, likita ya ce Sista ta zaunar da mu ta yi mana bayani, tunda ta san mu. Ta jawo benci, ta ɗora Maigida a cinya, ta fara da muryar da take wa kowa bayanin nan.

"Mama, ka ga, cikin jinin kowa akwai soja. Su ne suke tsaron jiki. Manyansu ana ce musu Sidi-fo."

Haka likitoci ke kiran wasu ƙwayoyin jini da ake ƙirgawa don a san ƙarfin garkuwar mai wannan ciwo. Amma a bakinmu na yamma ba a faɗin "fo", kuma Sidi sunan mutane ne.

Inna ta ce, "Wane Sidi? Ɗan wa na?"

Na yi dariya har na riƙe ciki. Sista ma ta yi, ta ce ba mutum ba ne, suna ne kawai. Ta ci gaba da cewa cutar nan Sidi-fo take nema ta kashe, shi ya sa kowane ƙaramin ciwo ke samun hanya. Ta ce yara ƙanana ma sun fi manya yawan sojan, amma na Maigida sun yi ƙasa sosai. "Idan ya sha magani safe da yamma, soja za su cika jikinsa. Bataliya, Mama. Ko'ina soja."

Inna ta ce, "Toh."

Inna tana da "toh" iri-iri. Akwai na yarda, akwai na "na ji amma ba zan yi ba", akwai na "Allah ya isa". Ni da na sha nononta ba kullum nake bambance su ba. Ran nan na ɗauka na yarda ne, muka karɓi kwalaben magani na ruwa da ɗan sirinjin awo, muka fito. A hanya ma tsokanarta na riƙa yi da Sidi-Ho, ina cewa ta yi wa Maigida sabon aboki.

Da farko abin ya yi kyau. Suka koma ƙauye, Inna tana ba shi bayan sallar asuba da bayan magariba. Zawo ya tsaya, ya fara neman abinci da kansa. Ana cikin haka, bayan 'yan makonni, sai zazzaɓi ya rufe shi, kaluluwar wuyansa ta kumbura ta yi ja, ko juya kai ba ya iyawa. Inna ta goyo shi a mota har Mafara, idonta kamar garwashi.

Likita ya duba ya ce kada mu tsorata, ana samun haka, zai sauka da kansa. Idan garkuwa ta fara farfaɗowa, sai ta tarar da ciwace-ciwacen da suka daɗe a kwance ba mai ce musu kanzil, ta far musu gaba ɗaya, shi ne kumburin da zafin jikin. Ya ƙara wani magani, ya ce kada a kuskura a tsayar da na kullum. Sista ta ga Inna ba ta gane Hausar likita ba, sai ta fassara mata da tata.

"Mama, albishir ne. Soja sun iso. Sun tarar gari ya lalace, suna yaƙi. Wannan kumburi da ka gani, wurin da suke faɗa ne."

Inna ta dubi wuyan jikanta, ta dubi Sista, ta ce, "Toh."

Kumburin ya sauka da kansa, kamar yadda likita ya faɗa. Ni ina Mafara ina fama da 'yan aji uku da jadawalin sau, ina zuwa ƙauye duk ƙarshen mako biyu ko uku. Kullum na je sai na ɗaga kwalabe na duba, na ga suna raguwa daidai yadda ya kamata. Abin da ya dame ni shi ne Maigida ya daina cikowa. Tarin ya dawo, kunnen ya sake ruwa. Amma wani zogale da ke bayan ɗakin Inna ya yi kore shar, har na yaba.

Lokacin gwaji ya zagayo. A Mafara ake ɗibar jinin a kai Gusau inda na'urar ƙirgar take, sai an kwana biyu sakamako ya dawo. Muka shiga wurin likita mu huɗu, da ni da Inna da Maigida da Sista. Ya duba, ya sake dubawa, ya cire tabarau. Ya ce bayan an fara magani sojojin sun ɗan hau, amma yanzu sun ragu ƙwarai, sun koma ƙasa da inda aka faro.

Inna ta ɗaga tafin hannu biyu sama ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah shi ƙara rage su."

Likita ya ajiye takardar ya tambaye ta me take nufi.

Ba ta ɓoye komai ba, don a ganinta ba ta yi abin ɓoyewa ba. Tun ranar kumburin nan ta yanke shawara. Na safe tana ba shi, don kada a ce ta ƙi maganar likita. Na yamma kuwa tana aunawa daidai a sirinji ta tsiyaye a gindin zogale. Wani lokacin ma har na safen, idan ta ga jikinsa da ɗumi.

Ta ce, "Ni na shina abin da soja ka yi in sun shiga gari. Tun da sunka shiga ɗan ga bai kwana ba. Da nir rage su, kumburi bai sauka ba?"

Likitan yaro ne mai haƙuri, ɗan wani wuri, bai san tarihinmu ba. Ya yi bayani a hankali. Ya ce maganin da ake sha ana tsallakewa koya wa cutar hanya yake yi, har ta daina jin sa. Ya ce 'yan ƙwayoyin da suka rage suna ta faɗa ba hutu dare da rana, kuma a ƙarshe gajiya suke yi, a gan su a jini amma ba sa iya komai. A wannan hali, in ji shi, ƙyanda ko ciwon haƙarƙari ɗaya ya isa ya tafi da yaron. Sannan ya juyo gare ni ya ce idan ba za a samu tabbaci ba, gara yaron ya zauna a hannuna.

Ni ba a san ni da haƙuri ba, 'yan ajina shaida ne. Da muka isa gida na rufe ƙofa na sauke wa Inna kwandon magana. Na ce mun binne uba, mun binne uwa, yanzu tana so ta ƙarasa ɗan da hannunta saboda wani abu da ya wuce tun ina tatata. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ke ya wuce ma." Ta ɗauki ƙullinta ta tafi tasha ita kaɗai. Raina ya ɓaci, kuma tsoro ya fi ɓacin ran yawa.

Na riƙe Maigida a Mafara, na ce ai ni malama ce, yaro ɗaya ba zai gagare ni ba. Ya gagare ni. Ya ƙi tuwona, ya ce ba irin na matarsa ba ne. Maganin kuwa sai ya riƙe shi a kumatu kamar ya haɗiye, ina juya baya ya tofar a bayan randa. Na lallasa, na yi barazana, na saye shi da alewa, mijina ya ɗora shi a babur ya zagaya da shi kasuwa. Ya ce shi daga hannun Inna kawai yake shan magani, don ita ce take fara ɗanɗanawa. Ga hannun da yaro ya yarda da shi yana zubarwa, ga hannun da ke son bayarwa yaro ya ƙi shi. Gaba kura, baya sayaki.

Na koma ƙauye na sauke kai na ba Inna haƙuri, na fara neman wata kalmar da za ta maye gurbin soja. Na ce to a ce 'yan banga ne. Ta ce su ma sun fara ɗinka kaki. Na ce a ce karnukan gida ne masu tsaron garke. Ta ce jikanta ba kare a cikinsa, in iya bakina. Na ce a ce yaran nan ne masu korar tsuntsu a gonar shinkafar mijina ta wajen Bakura, masu kaɗa gwangwani tun safe har muryarsu ta dishe. Ta ce, "Ke da bakinki kic ce soja na, likita ya ce soja na, Sista ta ce soja na. Yanzu don kin ga na ƙi, za ki sa masu wata riga?" Duk iya maganata, wadda nake cin abinci da ita, ta ƙare a nan.

Sista ce ta ce a kai ta wurin Inna. Wata Lahadi bayan ta taso daga coci ta ɗaura atamfa, muka ɗauki Maigida muka hau mota. Muka iske Inna a tsakar gida tana tsinkar zogale a faifai. Maigida ya ruga ya faɗa jikinta, ta ce wa ya ba shi izinin tafiya ya bar mata gida ba cefane. Aka yi gaisuwa, ta gida da ta gajiya da ta ruwa da ta masu jiki, har Sista ta ƙare amsoshin da ta sani ta koma "lafiya lau" zalla.

Tun a mota na ba Sista labarin dam da na kawuna. Na roƙe ta kada ta ambaci mahaifinta. Tana zama a tabarma abin da ta fara faɗa ke nan.

"Mama, ni babana soja ne."

Inna ta jawo faifanta ta matsa kaɗan. Na ce a raina shi ke nan, mun yi asarar kuɗin mota.

Na fito da kwalbar magani daga jaka don lokacin na yamma ya kusa. Maigida ya karɓa ya ɗaga ta saitin rana, ya rufe ido ɗaya yana leƙe. Ya ce, "Sista, ta ina suka shiga? Kullum ina dibawa ban ganin su."

"Su wa?"

"Sojojin."

Sista ta ƙyalƙyale da dariya. "Babu kowa cikin kwalba, Maigida. Suna cikin jikinka tun da aka haife ka." Ta kama ƙwaurinsa ta ƙwanƙwasa. "Nan cikin ɓargo ake haifan su." Ta ɗora yatsa a tsakiyar ƙirjinsa. "Nan bayan ƙashin nan akwai wani ɗan abu, shi ne makarantarsu, inda suke koyon sanin na gida da baƙo. Naka babba ne don kai yaro ne. Na Mama ya tsufa, an kusa rufe makarantar."

Hannun Inna ya tsaya a kan faifai.

"Dakata, ɗiyar nan. Ba cikin kwalba suke ba?"

"A'a, Mama."

"Ba turo su a kai ba?"

"Wa zai turo su? Nasa ne. Jinin babansa ne, jininka ne, Mama."

"To maganin mi yaka yi?"

"Cutar ce baƙuwa. Ita ta shigo tana kashe su. Magani yana riƙe mata hannu ne kawai, ya hana ta yaɗuwa, su kuma su samu su huta, a haifi sababbi."

Sai a lokacin na fahimci abin da Inna ta ɗauka duk watannin nan. A ganinta kowane sirinji mota ce cike da baƙi, kuma ita ake sa wa ta buɗe musu ƙofa da hannunta, safe da yamma.

Kaji suka zo suna tsattsagar zogalen, Inna ba ta kore su ba. Can ta ce, kamar da kanta take magana, "Ashe 'yan gari na. Su na sunka hita sunka tare hanya."

Sista ta dube ni.

Inna ta ce, "Ranar da ƙanena yah hita, ba a samu mai riƙe ma kowa hannu ba. Yau ga mai riƙewa an ba ni, ni ko ina ba zogale." Ta share ido da bakin mayafi, sau ɗaya, sannan ta juya kan Sista da faɗa. "Ke kuma mi yas sa kic ce masu soja? Mutum shi tsaya ƙohwar gidan ubanai, ki ce mai soja?"

Sista ta ce, "Mama, mu a gidanmu wanda ya tsaya a ƙofa soja ne."

Inna ta dube ta tun daga ɗankwali har takalmi. "Yana da rai?"

"Yana nan. Ya tsufa, kaji yake kiwo."

"To in kin tai ki gaishe shi."

Ban taɓa zaton zan ji wannan daga bakin Inna ba. Ta miƙo hannu ta karɓi kwalbar, ta auna, ta ɗiga a harshenta kamar yadda ta saba, ta ce, "Taho, Maigida." Ya buɗe baki ya shanye, ya sake ta nan take saboda ba ta tanadi ƙuli-ƙuli ba.

Ba a tashi lafiya ƙalau ba. Tsallaken da aka yi ya riga ya yi ɓarna, cutar ta daina jin maganin farko, sai da aka canza masa wani. Sabon ɗaci gare shi kamar maɗaci, kuma ba ya son zafi, ga ƙauye ba wuta. Inna ta sa shi a gwangwani ta binne a jiƙaƙƙen yashin gindin randa, tana yayyafa masa ruwa kamar mai renon dashe. A wannan shekarar Maigida ya yi ciwon haƙarƙari da ya kwantar da shi asibiti, muka ga tashin hankali, Allah ya tashi kafaɗunsa. Daga nan ƙirgar ta fara hawa a hankali. Likita ya ce sa'ar yara ke nan, makarantar nan ta ƙirji tana yaye sababbi fiye da ta manya. Duk ranar sakamako Inna ba ta bari ya gama zama take tambaya, "'Yan gari nawa sunka hito?" Shi ma har ya saba, da haka yake amsa mata.

Yau Maigida sai ya sunkuya yake shiga ƙofata. Yana noman shinkafa ta wajen Bakura, yana haɗiyar ƙwayarsa ba mai tuna masa. Inna ta riga mu gidan gaskiya. Idan na tuna shekarun nan, ba asibiti ke fara zuwa mini ba, wata Talata ce.

Likita ya ce magani kaɗai ba ya gina jiki, a ba shi ƙwai da wake da kifi. Ƙwai dai Inna ta ce ba za ta tayar da ɓarawo a gidanta ba, don a wurinsu yaro mai cin ƙwai sata yake koya, kuma wannan yaƙin ban da ƙarfin sake shi. Wake ya ci har ya ce idan ya ƙara ganin sa zai bar garin. Saura kifi, kuma kifin ƙasarmu an san inda yake fitowa.

Ran nan muna cikin kasuwar Mafara sai na ga Inna ta karkata ta nufi layin masu kifi, layin da tun tasowata take zagaye shi ta bayan masu tukwane. Ta tsaya gaban wani mai tarwaɗa.

"Na dam na?"

"Na dam na, Hajiya, yau da sahe anka kamo shi."

"Daga wane gehe? Na wajen tsohon gari nika so."

Mai kifi bai san tsohon gari ba, ina jin ba a haife shi ba lokacin. Amma ɗan kasuwa ne, ya rantse cewa daidai nan aka jefa taru. Inna ta san ƙarya yake yi, ni ma na sani. Ta zaɓi babba.

A gidana ta dafa shi, da daddawa da ɗan tattasai. Ta zauna ta cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya, ta tura kwano gaban Maigida. Ya dubi kwanon ya dube ta. Ya ce ba zai ci ba sai matarsa ta fara ɗanɗanawa, ai haka ake yi.

Na buɗe baki zan ce ya bar ta, Inna ba ta cin wannan. Ta ɗaga mini hannu. Ta gutsuri kaɗan ta sa a baki, ta daɗe tana taunawa, idonta a ƙasa.

Ta ce, "Ci, Maigida. Gonarka ta."

Ya jawo kwanon gabansa da hannu biyu, ita kuma ta ci gaba da cire masa ƙaya.